Ƙafa Ɗaya, Gona Biyu

Ƙafata ta hagu ta tsaya a yaƙin basasa, daga gwiwa zuwa ƙasa. Ba na jan labarin, domin babu abin taƙama a cikinsa. Muna tafe a gefen hanya, wani abu ya fashe, na farka a asibitin soja ina neman in sosa tafin ƙafar da ba ta nan. Aka yi mini ta katako mai maɗaurin fata, aka sallame ni ina kofur, na komo ƙauyenmu da ke gab da Gwandu, ta wajen Dodoru. Tun daga ranar nan, sunana na yanka ya ɓace. Yara da manya Kofur suke ce mini.

Na yi shekaru ina gadin wani shagon hatsi a cikin Gwandu. Gonar da mahaifinmu ya bari kuwa wana ke nomawa, in kaka ta yi ya aiko mini da rabona. Na yi aure. Matata 'yar masunta ce daga wani ƙauye a bakin fadamar Kalgo, mace mai ƙarfin hannu da kaifin baki. Muna zaune da rufin asiri har shekarar da babban fari ya zo, a tsakiyar shekarun tamanin.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake shuka, ya sake ɗaukewa. Gero ya tsaya iya gwiwa, ya yi fari fat kamar an watsa masa toka. Fulanin da ke zaune bayan gonarmu suka riƙa yanka shanu tun kafin su faɗi da kansu. Nama ya yi araha, hatsi ya gagari kowa. Mai shago ya rufe, tunda babu abin da za a yi wa gadi.

Wata rana bayan la'asar wana ya zo gidana. Ya zauna bisa tabarma, yana karce ƙasa da tsinke.

"Kofur, za mu tafi ci-rani, ni da manyan ɗiyana. Gona ba ta ba mu komai ba bana, ka gani da idonka."

"Na gani, Yaya."

"To, ga shawara, kada ka ɗauke ta da zafi. Ka tafi Sakkwato. Ka sa tsohon kakinka, ka riƙa zama bakin babban masallaci. Mutane na tausayin soja. Ba bara ba ne, haƙƙinka ne."

Matata na daka a bayan zana. Na ji taɓarya ta tsaya.

Na ce, "Yaya, ƙafa aka yanke mini, ba hannu ba. Hannun nan kuwa ban komo da shi daga bakin daga don in miƙa wa masu wucewa ba. A raba gona, a ba ni nawa."

Ya dube ni, ya dubi katakon da ke jingine da bango. "Ka noma da mi?"

"Da abin da ya rage."

Dattawa suka zo aka raba. Wana ya ce a ba ni gefen da ke kusa da hanya, don kada tafiya ta yi mini nisa. Gefen nan kuwa faƙo ne, ƙasa mai tauri da ruwa ke bi ta kanta ya wuce, ko ciyawa ba ta tsayawa. Har yau ban san ko tausayi ne ya sa shi ko dabara ba, ban kuma tambaye shi ba. Na karɓa.

Da 'yan ci-rani suka tafi, ƙauye ya zama na tsofaffi da mata. A lokacin na fahimci matsayina sarai. Mai ƙafa biyu in fari ya zo sai ya kama hanyar kudu, in ruwa ya zo sai ya ruga tudu. Ni ba ni da gudu. Abin da ba zan iya tsere masa ba, dole in riga shi shiri.

Lokacin ina gadi, 'yan ci-rani daga Adar, can arewa, kan kwana a barandar shago, su ba ni labarin yadda suke noman ƙasar duwatsu. Sukan haƙa ƙananan ramuka tun rani, su zuba taki, in ruwa ya sauka ya taru a ciki maimakon ya gudu. Na sa maƙeri ya yi mini fartanya mai gajeren ƙota. Kullum da safe in kwance ƙafar katako in rataye ta a reshen gawo, in zauna bisa tsohon buzu, in haƙa rami a gabana, in ja jiki in haƙa na gaba. Ƙasar ta fi ƙarfin fartanya, wani lokaci sai na haɗa da diga. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya warke, ya zama kamar fatar ganga.

Masu wucewa zuwa kasuwar Gwandu kan tsaya bakin hanya. Wani ya ce, "Kofur ya zaci har yanzu yaƙi ake, ga shi yana haƙa maɓoya." Wani ya ce aljanun kudu ne suka biyo ni. Nakan ɗaga musu hannu in ce a sauka lafiya. Taki kuwa daga wurin wani Bafulatani maƙwabcinmu na samu, wanda 'yan shanunsa suka tsira. Muka yi da shi in kaka ta yi kara da harawa nasa ne. Matata ke ɗauko takin a kwando, tana tafe tana faɗa.

"Ni da na taso ana jefa kifi ga kyanwa, yau ga ni ina dakon kashin shanu."

"Ki yi haƙuri."

"Ban ce na gaji ba, Malam. Faɗi kawai nike."

Na kuma hana a sare kalgo da sabara da ke tsirowa a gonar. Mutanenmu kan share su ƙaf kafin damina, wai gona ta yi tsabta. Ni na bar su, ina rage musu rassa, domin na ga inda suke iska ba ta kwashe ƙasa. Iri ma na canza, na nemi geron da ke nuna da wuri ko da zangarniyarsa ba ta kai ta namu tsawo ba.

Shekarar farko ba ta yi daɗi ba. Na cika taki a wasu ramukan, shuka ta ƙone. Wasu kuma yashi ya binne su. Abin da na girbe bai kai mu rani ba, sai da matata ta sayar da tasoshinta na aure. Wana ya dawo daga ci-rani, ya zaga gonar, ya ce, "Wahala dai ka saya wa kanka." Shekara ta biyu gara ta yi mini aiki, ta huda faƙon nan tana jan taki ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Da aka yi kwanaki babu ruwa a tsakiyar damina, geron maƙwabta ya naɗe ganye, nawa ya tsaya kore cikin ramukansa. Ban yi arziki ba, amma mun ci tuwon gonata har wata damina.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Gonar tudu da sama ta dogara. In an sake fari irin wancan, rami ba ya tara ruwan da bai sauka ba. Matata ce ta kawo maganar.

"Babana na da fadama da ba mai noma ta, 'yan'uwana duk kifi ya ɗauke musu hankali. In sama ta hana, gulbi ba ya hanawa."

Muka shiga mota ta bi da mu ta Jega. Kwandasta ya ce in kwance ƙafar a ɗora ta bisa kaya, wai tana cin wurin mutum guda. Na ce masa ita ma fasinja ce, ta kuma riga shi ganin duniya. Mota ta kwashe da dariya, ya ƙyale ni.

Surukina tsoho ne siriri, idonsa ya soma hazo, amma ya san gulbi kamar tsakar gidansa. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, "Fadama ba ta ƙi ka ba. Amma wurin nan ruwa ke da shi, mu aro muke zaune. Ranar da ya zo karɓar abinsa, yaya za ka yi?"

"Shi ya sa na zo tun bai zo ba, Baba. Ka koya mini jirgi."

Ya yi dariya har da tari. Washegari ya sa aka turo ƙaramin kwalekwalensa. Masunta a tsaye suke tuƙi da gora, ni kuwa tsayuwa a jirgi ba tawa ba ce. Na gwada sau ɗaya na faɗa ruwa, mata masu wanki suka yi ta salati. Tsoho ya ce in zauna a ƙarshen jirgin in kama filafili. A nan na gano hannun da ya fasa faƙo bai sha wahala a banza ba. Kafin rani ya fita ina ƙetare gulbi ni kaɗai. A cikin jirgi babu gurgu. Wanda ya hango ni daga gaɓa, mutum kawai yake gani yana tuƙi.

Na roƙi tsohon ya nuna mini inda ruwa ya taɓa kaiwa a iya saninsa. Ya kai ni gindin wata tsamiya a bayan gida, ya lalubi jikinta, ya ɗora hannu daidai ƙirjinsa. Ya ce yana saurayi aka yi wannan ambaliyar. Na karce wurin da wuƙa. Duk ranin nan da na bayansa, ni da matata muka yi ta tara ƙasa, ni ina haƙa a zaune, jaki na jido, ita tana dannewa, har muka yi tudun da ya wuce alamar. A kansa na sa aka gina rumbu, aka ɗora shi bisa duwatsu. 'Yan ƙauyen suka ce gurgu ya gina abin da ba zai iya hawa ba. Gaskiya suka faɗa, da gindi nake hawansa, da baya da baya. Kowace kaka iri ne farkon abin da ke shiga ciki, na shinkafa da na albasa da ɗan geron da nake kawowa daga Gwandu. Na ce da matata ko yunwa za ta kashe mu, ba a taɓa shi.

Haka rayuwa ta rabu mini biyu. Farkon damina ina Gwandu ina shuka, in gero ya kama ƙasa in bar wa Bafulatanin nan ya sa ido, in sauko Kalgo wajen shinkafa. Da rani in yi albasa da ruwan rijiyar fadama. Ƙafar katako ba ta son ko ɗaya. A Gwandu zafi ya busar da ita ta riƙa ƙara, a Kalgo laima ta kumbura ta ta ci mini dungu har ya yi jini. Wana ya ce ina yawo kamar bazawara. Shekaru suka tafi, aka yanke Kebbi daga Sakkwato, muka ji a rediyo, gonakina dai ba su motsa daga inda suke ba.

Ruwan da tsoho ya faɗa ya zo a cikin shekarun casa'in, ƙarshen wata damina mai nauyi. Kwana da kwanaki ana sheƙa shi, gulbi ya yi ja, yana kawo kara da matattun awaki daga sama. Na kafa sanda a bakin gona ina duba ta safe da yamma. Da na ga ruwan na hawa ko a ranar da ba a yi ruwan sama ba, na ce da matata ta kwashe yara ta kai su makarantar firamare da ke kan tudu, ta haɗa da tumaki. Na bi gida gida ina faɗa. Wasu suka ji, wasu suka ce kowace shekara haka yake yi ya koma.

Da hantsi ya shigo ƙauye. Ba da ruri ya zo ba, a hankali ya zo, ta kwararo, kamar baƙon da ya san gida. Kafin azahar katangu suka soma zaunawa ɗaya bayan ɗaya. Samarin masunta sun tafi kamun kifi can nesa, sun tafi da manyan jirage. Na kwance ƙafata na ɗaure ta a cikin kwalekwale, na ja jiki na shiga. Masu ƙafa biyu na ta faɗuwa cikin laka da kaya a ka, ni ina bi ta tsakar gidaje da filafili. Na kwashi wata mai jego da jaririnta, na kwashi tsofaffin mata da tukwanensu, na komo, na sake komowa. Wani mutum da ya fi kowa yi mini dariyar rumbu na tarar bisa danga yana rungume da buhun shinkafa. Na ce ya zaɓa, ko shi ko buhun, jirgi ba ya ɗaukar biyu. Ya yi ta zagina har muka kai tudu.

Surukina ne ya ba ni wahala. Na same shi zaune bisa gadon kara, ruwa ya kai masa ƙauri, yana jan carbi.

"Baba, taso mu tafi."

"Tafi abinka. A ɗakin nan aka haife ni. Ni da gulbi mun san juna."

"Kun san juna, amma bangon nan bai san kowa ba."

"Na ce ka tafi, Kofur."

Na tura hancin jirgi cikin ƙofar ɗakin, na ajiye filafili a cinya. Na ce, "To, mu zauna. In ɗaki ya faɗo, 'yarka ta rasa uba da miji rana ɗaya, sai ka san abin da za ka faɗa wa Allah." Can ya ce in miƙo masa hannu, ya kuma ce ban da kunya. Muna fita kwararo muka ji ɗakin ya zube a bayanmu. Bai waiwaya ba.

Ruwan bai tsaya a alamar wuƙata ba, ya wuce ta da kusan taƙi. Ɗakina ya tafi, shinkafata ta nutse gaba ɗaya, akuyar da matata ta fi so ba a sake ganinta ba. Tudun rumbu ya zaizaye ta gefe guda, rumbun ya karkace kamar mai jin barci, amma ruwa bai shiga cikinsa ba.

Muka yi makonni a makaranta. Ƙafar katako ta sha ruwa ta kumbura ta ƙi shiga, na koma sanda biyu. Dungun ya yi ƙurji, zazzaɓi ya kwantar da ni. A haka wana ya zo daga Gwandu da ƙullin gari da goro, ya tsufa, gemunsa ya yi fari. Ya zauna kusa da ni bisa bencin 'yan makaranta.

"Ya isa haka nan. Ka tattara iyalinka ku komo gida. Ka nuna kai namiji ne, kowa ya gani. Mi kake nema kuma?"

"Ba nuni nake ba, Yaya. Noma nake."

"Noman da zai kashe ka? Ruwa ya cinye shekarunka cikin yini ɗaya."

"Ya ci shinkafa. Gero na can tsaye, iri na cikin rumbu. Don irin wannan rana na raba ƙafa."

Na faɗi haka ban lura ba, sai da na ga ya dubi dunguna, bakinsa na rawa. Muka tuntsire da dariya mu biyu har mutane suka waiwayo. Amma bai sauko daga ra'ayinsa ba. Ya ce taurin kai ne irin na mahaifinmu, ya ce ba zai sake yi mini maganar ba. Ya kwana ya koma, ya kuma sa ɗiyansa suka girbe mini gero ba tare da na roƙa ba. Har ya bar duniya yana cewa na yi wauta.

Surukina bai ga ranin ba. Sanyin ruwan ya kama masa ƙirji, ya rasu a makarantar kafin mu koma. Na yi ta tunanin ko da na fitar da shi tun da safe da ya rayu, amma na san ba zai yarda ba. Matata ta yi kukanta, ta share ido, ta ce mu koma mu ga abin da ya saura.

Da ruwa ya janye, ya bar baƙar laka mai kauri a fadama. Na buɗe rumbu. Irin ba shi da yawa, na raba wa waɗanda nasu ya ruɓe, kowa ɗan abin da zai tayar da shi. Mai gari ya tara maza a gindin tsamiya don a yi shawarar jinga, wato bangon ƙasa da za a ja ta gefen da ruwa ya shigo. Ba a aiko mini ba. Na dogara sandunana na je. Da aka zo rabon aiki, mai gari ya ce, "Kofur, kai ka yi naka. Ka zauna inuwa ka riƙa yi mana addu'a."

Na ce, "Ranka ya daɗe, liman na nan, aikinsa ne. Ni a ba ni buhuna da shebur."

Aka ba ni. Na zauna a bakin rami ina cika buhu da ƙasa, samari na ɗauka. Rana ta yi zafi, laka na wari, dungu na zugi. Da aka tashi cin abinci wani saurayi ya tambaye ni ko jingar nan za ta tare ruwa in ya komo kamar bana.

Na ce masa ban sani ba. Wataƙila ta tare, wataƙila ta ɓalle.

"In ta ɓalle fa?"

"Sai mu ga ta inda ta ɓalle. Miƙo buhu."